Layar Duna da Kyanwoyin Yaya Rabi

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin in rubuta wannan babi. Tun shekarar da na bar aiki na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, saboda shi. Sau uku ina farawa, sau uku ina yage takardar in cusa a murhu. Mahaifiyarku ta ce in bar kaza cikin gashinta, tunda waɗanda abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, na kuwa bi maganarta shekaru da yawa. Amma da Hadiza ta dawo daga biki a Dungas ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki tana cewa ga 'yar wanda ya kashe karnukan gari, sai na ga in na mutu ban yi magana ba, gadon da zan bar muku ke nan. Kuma abin da tsohuwar ta sani rabin labarin ne, rabin da ya fi sauƙin ɗauka. Sauran ba wanda ya san shi sai ni da yayata Rabi, ita kuwa har yau ban san inda take kwance ba.

Mu uku muka rage a ɗakinmu: Yaya Rabi, Yaya Mamman, sai ni Isuhu, auta. Uwarmu ta rasu ban fara tafiya ba, Yaya Rabi ce ta goye ni. Da Turawa suka ce kowane gari ya ba da yara a kai lakwal, makarantarsu ta boko, ni aka miƙa, don ba ni da uban da zai ɓoye ni a rumbu. Na gama ƙaramar makaranta, aka ɗauke ni aiki a Magarya ƙarƙashin likitan dabbobi, wani Bature. Aikinmu bin rugagen Fulani muna yi wa shanu allurar ciwon bushiya, ni ne mai rubuta abin da aka gani. Lokacin da abin nan ya faru na riga na yi aure, na doshi shekara talatin, saboda haka ba zan fake da ƙuruciya ba. Halina kuwa kun san shi. Ni ne mai komawa ya taɓa kwaɗon ƙofa bayan ya kulle, mai sake alwala don bai tabbata ya shafi kunne ba. Abokan aiki Malam Wasuwasi suke ce mini, ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya suka faɗa.

Garinmu yana kusa da Dogo-Dogo, tafiyar rabin yini zuwa iyakar ƙasar Ingilishi. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokin mutanen suna nan. Yaya Mamman manomin gero da gyaɗa ne, da rani kuma ɗan farauta. Yana da wani baƙin kare, Duna, wanda shi ne ke gaban karnukan garin in kura ta zo garken awaki. A wuyan Duna akwai laya da aka ɗinke cikin fata mai faɗin yatsa huɗu. Wani tsohon maharbi ne ya yi ta, ya ce kada a kwance ta sai ranar da karen ya mutu. Yaya Rabi kuwa, bayan mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun koma tun suna ƙanana, sai ta dawo gidan Yaya Mamman da zama. Tana da kyanwa fara mai baƙar wutsiya da take kira 'Yar-gata, da 'ya'yanta biyu da suka ɗebo kamarta. Matan gari kan zo roƙon ɗan kyanwa saboda ɓerayen rumbu, ita kuwa tana da ƙa'idarta. Ba ta sayarwa, ba ta kuma miƙa wa mutum a hannu ya tafi. Da kanta take sawa a kwando ta rufe da zane ta kai, ta zauna a sabon gidan kwana bakwai, sai ta ga kyanwar ta ci daga hannun sabuwar uwar ɗakinta sannan ta dawo. In an tambayi inda take, Yaya Mamman kan ce ta tafi kai amarya, ba a gama buɗar kai ba tukuna.

A tsakiyar daminar shekarar nan, gero ya kai ƙugu, Yaya Mamman ya aiko in zo in duba Duna. Na hau dokin aiki na isa gab da la'asar. Na tarar da karen kwance a inuwar rumbu, ƙafafunsa na baya sun shanye, in zai matsa sai ya ja su a ƙasa kamar tsumma. Shekaranjiya kawai, in ji Yaya Mamman, ya kori dila har bakin fadama. Bai yi faɗa da wani kare ba, ba a ga cizo a jikinsa ba, ba ya dalalar da miyau, idonsa garau. Da ya gan ni ya ɗaga kai ya yi ɗan kukan da yake yi wa 'yan gida. Yaya Mamman ya ce in lalube shi kamar yadda nake laluben maruƙan Fulani. Ni kuwa na tsaya taku uku daga gare shi. Ina da alwala, ina sanye da farin kaya, wasuwasina ya tashi a kan miyan kare. Ban da wannan, a shekarar da ta gabata na ga wani makiyayi a asibitin Magarya ɗaure da igiya, haukan kare ya kama shi, in ya ga ruwa a ƙwarya sai ya kama ihu yana shure-shure, har ya cika. Likitanmu ya taɓa gaya mana akwai irin haukan da ba ya sa cizo, da mutuwar ƙafafu yake farawa. Sai na tsinci kara na zunguri ƙafar Duna, na zunguri cikinsa, na ce na gani.

Yaya Mamman ya dube ni, ya kira ni da laƙabin da Turawa ke kiran ma'aikatansu, ya ce, "Mushe Isuhu, da kara ake duba mara lafiya a lakwal ɗinku? Sa hannu mana, ba ya cizon ɗan gida."

Na ce abin da na gani ya isa. Yaya Rabi ta ce ita dai tana ganin fatar nan ta matse masa wuya, a kwance ta ya sha iska. Yaya Mamman ya ce ba mai taɓa layar nan yana raye, ita ce ma ta riƙe ran karen zuwa yanzu. Da zan hau doki ya riƙe linzamin, ya sassauta murya.

"Ka rufa mana asiri, kada ka rubuta. Ba shi kwana bakwai a ɗaure. In hauka ne, ni da hannuna zan kashe shi."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce to, mu ga abin da Allah zai yi. Na yi kwana biyu a Magarya ina juya maganar. In na tuna yaran da ke wasa a gindin rumbun nan sai in ga makiyayin asibiti. In na tuna dokar aiki, wadda ta ce duk karen da ƙafafunsa suka mutu farat ɗaya a sanar, sai in ga kaina a hannun gardi, ɗan sandan Turawa, ana cewa na gani na ɓoye don karen ɗan'uwana ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban san wanne tsoro ya fi nauyi ba a cikin biyun. A rana ta uku na rubuta layi uku na miƙa wa likita. Ya karanta, ya ɗauki hularsa ya tafi wajen kumandan, Baturen mulki. Kafin azahar oda ta fito: a harbe karen, a aika da kansa babban birni a gwada, a kashe duk kare da kyanwar da ke garin da nama mai guba, kada a fitar da ko ɗaya. Wannan shi ne abin da mutane suka sani, shi ya sa aka nuna Hadiza da baki. In da nan laifina ya tsaya, da na iya ɗaukarsa, domin wanda ya ga abin da na gani a asibiti ba zai zarge ni da yawa ba.

A rana ta biyar muka zo a mota, ni da likita da gardi biyu. Duna yana da rai. Shanyewar ta kai ƙafafun gaba, numfashinsa ya yi nauyi, amma yana lasar kunun da Yaya Rabi ta zuba masa a kasko. Yaya Mamman bai gaishe mu ba, ya saɓa hauyarsa ya nufi gona. Gardi ya yi harbi ɗaya. Likita ya ba ni safar hannu ta roba da wuƙa da gwangwani mai magani a ciki, ya ce in cire kan, shi kuma ya tafi zauren mai gari don shirya aikin gobe. Ba yadda za a yanke wuyan sai an cire layar, saboda haka na sa wuƙa na tsinke fatar. A ƙarƙashinta, a bayan wuya, kaska ce guda biyar ko shida, sun sha jini sun kumbura kamar ƙwayar gujiya, kawunansu a nutse cikin nama. Nan take na tuna wani tsohon malamin dabbobi a Damagaram, lokacin da aka kai mu koyon allura. Wata rana muna hutawa a gindin bishiya ya gaya mana ya sha ganin maraƙi ko kare ya rasa ƙafafu saboda kaskar da ta kama shi a wuya, in an cire ta, kwana biyu sai dabbar ta miƙe. Maganar ba ta cikin littafi, muka yi masa dariya. Ranar nan na ji muryarsa kamar yana tsaye a kaina.

Yaya Rabi tana bayana riƙe da butar da za ta zuba mini ruwa in wanke hannu.

Ta ce, "Auta, me ka gani?"

Na ce, "Kaska ce kawai, Yaya."

Ta ce, "Kaska kawai ba ta sa mutum zufa. Ni na goye ka. In akwai magana, ga Baturen can a zaure, taku nawa ne?"

Bai fi taku hamsin ba. Ba a zuba guba ba tukuna, akuyar da za a yanka don naman ma tana ɗaure tana cin harawa. Na tsuguna ina lissafi irin nawa. In na je, dole in ce ban taɓa karen da hannu ba, da kara na duba shi na rubuta. Likita ya riga ya je gaban kumandan, ya fito da mota da gardawa, ba zai so ƙaramin ma'aikaci ya mai da shi abin dariya da tatsuniyar wani tsoho ba. Wa ya sani ma, ko kaskar daban, haukan daban, duka biyun suna jikinsa? Ga kuma Yaya Mamman, in ya ji layarsa ce ta ɓoye abin da ya kashe Duna, ina zai sa kansa? Kowane dalili a cikin waɗannan gaskiya ne, na auna su shekara da shekaru ban sami na ƙarya ba. Amma ba su suka hana ni tashi ba. Na kankare kaskar da bakin wuƙa, na tura su cikin rairayi, na murje da diddige. Yaya Rabi ta zuba mini ruwan.

Bayan la'asar na same ta a ɗakinta tana shimfiɗa tsohon zane a cikin babban kwando. Na gaya mata doka ta hana a fitar da kyanwa daga garin, in aka kama ta gidan yari ne.

Ba ta ɗago ba ta ce, "To ka rubuta ni ma."

Ta sa 'Yar-gata da 'ya'yan biyu a ciki, ta ɗaure bakin. Ta ce za ta ƙetare iyaka wajen dangin mijinta ta nema musu gida uku, kwana bakwai-bakwai, kafin gero ya gama fitar da kai ta dawo. Na taya ta ɗora kwandon a ka, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. A bakin danga ta juyo.

"Ba fushi nake da kai ba, Auta. Tsoron nan naka nake tsoro."

Ta shiga cikin gero. Ni kuwa na juya mata baya na fuskanci bango, domin in aka tambaye ni hanyar da ta bi in iya rantsewa ban gani ba. Kukan kyanwar kawai na ji yana nisa. Ganina da ita na ƙarshe ke nan, kuma ko shi ban yi shi da ido ba.

Da safe ni aka ɗora wa tasar naman. Karnukan garin sun san ni, ba su guje ni ba kamar yadda suka guji gardawa, har da masu kaɗa mini wutsiya. Ba zan rubuta yadda gubar nan take kashewa ba. Mata sun ɓoye kyanwoyi a cikin tukwane da ƙarƙashin gado, gardawa suka bi gida-gida. Kafin azahar an cika rami a bayan gari, ungulayen da suka sauka a kan ragowar naman su ma suka zube. Da kaka ta zo ɓeraye suka shiga rumbuna ba mai hana su, kura ta riƙa ɗaukar awaki har tsakar gida, ta kashe jakin Yaya Mamman a turkensa. Bayan wata biyu takarda ta zo daga inda aka kai kan Duna. Ruwa ya yanke hanya, motar ta daɗe, kan ya ruɓe kafin ya isa, ba a iya gane komai ba. Likita ya ɗaga kafaɗa ya ce in sa ta cikin sauran takardu. Na sa. Ba wanda ya yi haukan kare a garinmu, a shekarar nan ko bayanta.

Gero ya fitar da kai, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, Yaya Rabi ba ta dawo ba. Yaya Mamman ya ƙetara wajen dangin mijinta, suka nuna masa ɗan kyanwa guda a kan danga. Sun ce ta yi kwana bakwai cif, sannan ta bi wata mai sayar da daddawa da ke son ɗayan, suka yi kudu. Daga baya wani ɗan garinmu mai kai gyaɗa ƙetare a kan jaki ya ce ya ji labarinta a wani gida kusa da wata kasuwa. Can ma ta cika kwanakinta ta tafi da uwar, don kowa ɗan yake so, ba mai son tsohuwar kyanwa. Ya ce an gaya masa tana tari. Daga nan labari ya yanke. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba na ƙetare iyaka sai da takardar izini daga biro, ofishin kumandan, kuma a takardar akwai wurin da ake rubuta dalili. In na rubuta gaskiya, za a san an fitar da kyanwoyi daga garin da aka killace, kuma ina tsaye aka fitar. In na rubuta ƙarya, na yi ƙarya. Sau biyu ina cike takardar ina yagewa. Ban taka ƙasar can ba sai bayan Turawa sun tafi. Na bi ƙauyuka ina tambaya, mutane suna kallona kamar mai neman allura a rijiya.

Bayan shekaru, an mai da ni Dungas, wani Bafulatani ya kawo mini karensa a kan jaki, ƙafafun baya sun shanye tun jiya. Na naɗe hannun riga na tsuguna na bi jikinsa da yatsu, wuya, bayan kunne, hammata, tsakanin yatsun ƙafa. Na sami kaska biyu a gindin kunne, na cire, na ce a ɗaure shi a inuwa a riƙa ba shi ruwa, yara kada su matso. A rana ta uku karen ya bi shanu. Mutumin ya kawo mini ƙwaryar nono, na kasa sha. Kada ku ɗauka ina cewa haukan kare wasa ne, ko duk karen da ya shanye kaska ce. Ku ɗaure, ku nisanta yara, ku kira likita. Amma wanda aikinsa ne ya duba, ya duba da hannu. Kuma ko wannan karen bai ba ni tabbaci a kan Duna ba. Tabbacin yana cikin rairayin da na murje.

Yaya Mamman bai ƙara kiwon kare ba, bai kuma ƙara zuwa farauta ba. Tsakanina da shi sai gaisuwar jana'iza, shi ya sa ban taɓa kai ku garinmu da salla ba. Da ciwon ajali ya kama shi ya aiko, na je da hantsi na same shi a kan tabarma a inuwar rumbun nan. Ya kama hannuna.

Ya ce, "Isuhu, na yafe maka maganar Duna. Aikinka ka yi. Ni ne na ƙi kashe shi tun ranar farko. Da na kashe shi, da Rabi tana ɗakinta."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ya ce amin. Bayan kwana biyu ya rasu ɗauke da kayan da nawa ne, ya kuma yafe mini laifin da ba shi ne nawa ba. Na tambayi malamai ko irin wannan yafiya tana isar wa mutum, ba tare da na faɗa musu dalilin tambayar ba. Amsoshinsu sun bambanta, ni kuwa na san wadda na cancanta.

Yanzu ƙafafuna sun daina kai ni ko masallacin Juma'a sai an riƙe ni, saboda haka roƙo ya rage mini. Duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa, musamman mutanen ƙauyukan ƙetare da ke kudu da Dogo-Dogo da Mallawa, ya taimake ni ya tambayi tsofaffin gidansu. Ko sun taɓa jin wata baƙuwa da ta zo da damina a zamanin Turawa, doguwa, mai wushirya, da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, inda ta tare mini tukunyar koko ina rarrafe. Tana ɗauke da kwando, a ciki farar kyanwa mai baƙar wutsiya. Ko kuwa akwai gidan da har yau kyanwoyinsu ke fitowa da wannan kama, ba su san mafarin ba. Ba na neman komai sai in san garin da ta kwanta, ko an sami mata da suka yi mata wanka, ko kuma wani ya karɓi 'Yar-gata kafin nan. A ba da saƙo ga duk mai zuwa kasuwar Magarya, ya tambayi gidan Isuhu tsohon malamin dabbobi, za a nuna masa. In an tarar na riga na tafi, a faɗa wa Hadiza. Ta yi mini alkawari za ta je garin, ta zauna a gidan kwana bakwai.